Darasi na 7: Tuwo da Miya, da Abin da Ido Ba Ya Gani a Cikinsu

Ƙasar Binuwai ba ƙasar yunwa ba ce. Wanda ya shiga kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko ya tsaya a Ngong lokacin kaka, zai ga buhunan masara da dawa da gyaɗa ana loda su a manyan motoci zuwa Ngaundere da kudancin ƙasa. Kifi yana zuwa Garwa daga tafkin Lagdo, shanu kuma ba a maganarsu. Amma da aka yi babban binciken lafiya na Kamaru a 2018, an tarar yara 29 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a nan yankin Arewa abin ya kai kusan yara 4 cikin 10. Fiye da rabin ƙananan yaran ƙasar suna da ƙarancin jini. Yawancin waɗannan yara ba da yunwa suke kwana ba. Cikinsu yana cika, jikinsu ne ba ya samun abin da yake nema.

Manomin auduga zai riga kowa gane wannan. Takin da ake ba manoman kamfanin auduga na SODECOTON yana ɗauke da wani sinadari mai suna boron, wanda bai wuce kashi 1 cikin 100 na buhu ba. Ƙanƙani ne, amma idan ƙasa ta rasa shi, fure da 'ya'yan auduga sai su riƙa zuba, ko da sauran takin ya wadata. Haka jikin ɗan'adam yake. Tuwo da mai da sukari suna ba da ƙarfin aiki. Wake, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai da nono suna gina tsoka. Bayan waɗannan akwai bitamin iri 13 da wasu ma'adanai, irin su ƙarfe da aidin da zinki da kalsiyam, waɗanda ake bukata kaɗan-kaɗan amma kullum. Aidin ɗin da mutum yake bukata tun daga haihuwa har tsufa bai cika cokalin shayi ba. A gidajenmu kusan duk waɗannan abubuwa ta miya suke shigowa, ita kuwa miya ita ce ake fara ragewa idan aljihu ya yi sanyi.

Dundumi da bitamin A

Kowa ya san yaron da ke wasa lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ya koma laluben bango, yana tuntuɓe da turmi. Wannan shi ne dundumi, kuma alama ce ta farko da ake gani ta ƙarancin bitamin A. Mata masu ciki ma suna yin sa. Idan aka bari, farin ido ya bushe, wani ɗigo mai kumfa-kumfa ya fito a gefe, daga ƙarshe baƙin idon ya yi gyambo ya lalace. Da yawa daga makafin da suka rasa ido tun suna ƙanana, ƙyanda ce ta same su a kan wannan ƙaranci, domin ƙyanda tana cinye ɗan abin da hanta ta ajiye cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa a asibiti ake ba yaro mai ƙyanda bitamin A ranar da aka kawo shi, a sake ba shi washegari.

An daɗe ana ɗauka matsalar ta ido ce kawai. Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, shi ya nuna abin ya wuce nan. A wani bincike a ƙauyuka 450 na lardin Aceh a Indonesiya aka raba wa yaran kusan rabin ƙauyukan ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara, kuma sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalili shi ne bitamin A ne yake kula da fatar da ta shimfiɗe cikin hanji da huhu, inda cuta take fara neman ƙofa. Daga wannan bincike ne aka samo abin da kuke gani sau biyu a shekara, makon lafiyar uwa da yaro da ake kira SASNIM, lokacin da ma'aikata ke bin gida-gida a Yelwa da Lopere da Rumde Ajiya da ƙauyuka. Shuɗiyar ƙwaya ta jariri ce daga wata 6 zuwa 11, ja kuma ta yaro daga shekara 1 har ya kusa cika 5. Ana yanke bakinta a matse man a bakin yaro. Hanta takan ajiye shi ta riƙa fitarwa har wata 4 zuwa 6. Maigidan da ya hana a shiga gidansa ranar rabo ya hana ɗansa abin da ba zai iya saye da sauƙi a kasuwa ba.

A 2009 an yi bincike a duk faɗin Kamaru, aka tarar kusan yaro ɗaya cikin uku yana da ƙarancin bitamin A, kuma arewa ce ta fi kowa. Ba abin mamaki ba ne: mutanen kudu suna cin manja kusan kullum, shi kuwa jan da ke cikin manja jiki yana mayar da shi bitamin A. Mu man gyaɗa da man angurya muka saba, su kuma ba su da shi tun asali. Don haka a 2011 gwamnati ta wajabta a riƙa zuba bitamin A a duk man girkin da aka tace a masana'anta, a kuma zuba ƙarfe da zinki da folik asid da bitamin B12 a garin fulawa. Dokar ta shafi man angurya irin Diamaor da ake yi a arewa. Sai dai a lura da abu biyu. Man da mai ƙuli-ƙuli ta matse a gida ba ya cikin wannan tsari, mai kyau ne amma babu bitamin A a ciki. Na biyu, hasken rana yana kashe bitamin A. Man da aka ɗura a farar kwalba aka jera a tebur, ya yini a ranar Garwa ta watan Afrilu mai wuce digiri 40, ba a san abin da ya rage a cikinsa ba. Ku sayi wanda ke inuwa, ku ajiye shi a rufe a ɗaki.

Abin da ya fi wannan arha yana bayan gida. Mangwaro nunanne, gwanda, kabewa, karas, dankali mai jan ciki, da ganye masu duhun kore: zogale, yakuwa (folere a bakin 'yan kasuwar Garwa), tafasa, lalo, alayyahu, rama. Sai hanta, gwaiduwar ƙwai, da man shanu. Ganye yana bukatar ɗan mai kafin hanji ya iya tsotse abin da ke cikinsa, saboda haka miyar yakuwa da aka kaɗa da gyaɗa ta fi wadda aka dafa da ruwa da gishiri zalla amfani nesa ba kusa ba. Kakanninmu da suka haɗa ganye da tunkuza ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun dace. Inda muke kuskure shi ne wajen shanya. Kuka ko zogalen da aka baza a tsakar rana har ya koɗe ya yi asarar mafi yawan bitamin ɗinsa. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaure a abin da haske ba ya shiga. Idan garin kuka ya fito kore shar, an yi daidai.

Jini

Ja da baya ƙasan idon yaro, ko ku dubi tafin hannunsa. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Mace mai ƙarancin jini takan ji jiri, zuciya na bugawa, ɗaukar bokiti ɗaya daga famfo ya sa ta haki. Wasu sukan ji kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa. Jan da ke cikin jini, wanda yake ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi, da sinadarin ƙarfe ake ƙera shi. Mace tana zubar da shi duk wata, ciki kuma yana ninka bukatarta. Wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar jinin da wata za ta jure ita sai ya kai ta ƙasa.

A ƙasarmu ƙarancin jini ba daga abinci kaɗai yake zuwa ba, kuma wannan ne abin da mai sayar da maganin ƙarin jini ba zai gaya muku ba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana tsotsa daga hanji. Tsargiya, wadda yaran da ke wanka a bakin Lagdo da fadamun shinkafa suka sani sarai, tana fitar da shi ta fitsari. Mafi muni, watannin da rumbu yake yin ƙasa, Yuli da Agusta, su ne watannin da sauro ya fi yawa. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi duk wata a lokacin damina a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa. Wannan magani, da gidan sauro, da maganin tsutsa, da takalmi a ƙafar yaro, duk aikin tsare jini suke yi.

Ƙarfen da ke cikin nama, hanta, kifi da kaji shi hanji ya fi karɓa. Na cikin wake, daddawa, daddawar batso, gero da ganye yana da taurin kai, domin hatsi yana da wani sinadari da ke riƙe shi, jar dawa kuma ta fi riƙo. Akwai dabarun kwance shi. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda ake yi wa koko, ko tsirar da dawa, duk suna rage wannan riƙo. Bitamin C kuma yana jawo ƙarfe ya shiga jini: a matsa lemun tsami a kan wake, a yanka ɗanyen tumatir, a ci gwaiba ko a dama garin 'ya'yan kuka a sha tare da abinci. Shayi yana yin akasin haka. Na san faɗa wa mutumin arewa ya rabu da shayi ɓata baki ne, kuma ba a ce a rabu da shi ba. A dai ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci, musamman mai ciki, kuma kada a mayar da shi karin kumallon yaro.

Sai maganar rabon kwano, wadda ba a son yi a gaban maigida. A gidaje da yawa tsokar nama ko kifi tana tafiya kwanon maigida da baƙinsa, yara da mai ciki su samu romo. Maigida babba ne, ya gama girma, ba ya haila, ba ya shayarwa. Idan aka duba girman jikinsa, a duk gidan shi ne mafi ƙarancin bukatar ƙarfe. Yaro ɗan wata 8 da aka fara ba kunu, cikinsa ƙarami ne, saboda haka kowane cokali sai ya zama mai nauyi: a zuba gyaɗa, ko garin busasshen kifi, ko gwaiduwar ƙwai, ko garin zogale. Camfin da ke cewa yaron da aka ba ƙwai zai tashi ɓarawo ba shi da tushe, ya dai hana yara abinci mafi dacewa da su. Kafin wata 6 kuwa nonon uwa ya isa, har da dakashi na kwanakin farko, wanda bai kamata a matse a zubar ba domin cike yake da bitamin A da garkuwar jiki.

A wurin awon ciki ana ba da ƙwaya mai ɗauke da ƙarfe da folik asid, guda ɗaya kullum har a haihu. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ta tayar da zuciya. Baƙin ba cuta ba ne. Tashin zuciya kuma yakan ragu idan aka sha da dare bayan abinci. Mata da yawa suna ajiye ta don tsoron kada ɗa ya yi girma a sha wuyar haihuwa. Ba ta ƙara wa ɗa girman da zai hana shi fita, uwar take ba jinin da za ta tsaya da shi. Shi folik asid aikinsa mafi girma yana cikin makonni 4 na farko, lokacin da ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗa suke rufewa, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: amarya da duk mai sa ran ciki su riƙa cin ganye da wake, su kuma fara awo da wuri. Mai sikila kada ya sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya auna, domin nasa ƙarancin jinin daban ne.

Gishiri

Dattawa za su tuna yadda maƙoƙo yake da yawa a da, musamman a ƙasashen duwatsu masu nisa da teku. Rashin aidin ne. Kumburin wuya shi ake gani, amma babbar ɓarnar tana ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, wanda zai iya fitowa kurma ko mai raunin fahimta har abada. A 1991 Kamaru ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma Farfesa Daniel Lantum yana cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki shekara da shekaru. Yau ba kasafai ake ganin matashi da maƙoƙo ba. Ku sayi gishirin leda mai rubutun aidin, ku rufe shi daga danshi da rana, ku bar wa dabbobi nasu. Wannan ba izinin ƙara gishiri ba ne. Cokalin shayi ɗaya a yini ya ishi babba, har da wanda ke cikin dunƙulen magi, abin da ya wuce haka hawan jini yake kira.

Masara da kanwa

Tun daga shekarun 1980 masara take ture dawa da gero a gonakin Binuwai, domin tana karɓar taki tana ba da buhu. Tana da aibi ɗaya: bitamin B3 da ke cikinta a ɗaure yake, hanji ba ya iya ɗauka. Mutanen da suka dogara da ita kaɗai sukan kamu da cutar da likitoci ke kira pelagra: fatar wuya da bayan hannu, inda rana ke duka, ta yi baƙi ta tsattsage, ga gudawa, daga baya hankali ya rikice. Ta kashe dubban talakawa a kudancin Amurka, ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, har Joseph Goldberger ya nuna a 1915 cewa daga abinci take. Mutanen Meziko, inda masara ta fito, ba su san ta ba, domin da ruwan toka ko farar ƙasa suke dafa ƙwayar, wannan kuma yana kwance bitamin ɗin. Abin da ya tsare mu shi ne gyaɗa, wadda take cike da B3, da wake da kifi. Gidan da ya sayar da gyaɗarsa kaf a kaka ya zauna da tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya, shi ne ke cikin haɗari. Surfen inji mai fitar da gari fari sol shi ma yana tafiya da bitamin B1 cikin dusa, awaki su ci, mu mu ci saura.

Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, ta sa miya ta yi yauƙi, amma tana lalata bitamin C da B1 a tukunya. A rage ta, a jiƙa wake tun dare. Game da kunun kanwa na masu jego kuwa, likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura tun shekarun 1970 cewa yawan shansa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta yana tafiya da ciwon zuciya bayan haihuwa, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya idan ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar.

Abu biyu a taƙaice. Yaro mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a dama a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya; jariri ɗan ƙasa da wata 6 rabin ƙwaya. Yaro mai gwamen ƙafa kuma, binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna a ƙasashenmu masu rana yawanci kalsiyam ne ya rasa. Nono, kindirmo, kuka, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya su ne maganin.

Kwalba da ƙwaya

Ana kashe kuɗi mai yawa a kan kwalaben ƙarin jini da ƙarin ruwa mai launin rawaya. Rawayar bitamin B ce, kuma mafi yawanta a fitsari take fita kafin gari ya waye. Bitamin A da D kuwa jiki ba ya zubar da rararsu, taruwa suke yi, kuma jar ƙwayar da ake ba yara tana iya nakasa ɗan da ke ciki idan mai ciki ta sha. Ƙwayoyin ƙarfe na uwa, idan yaro ya same su ya haɗiye da yawa, guba ne; a ajiye su sama. Mafi haɗari su ne magungunan ƙiba irin sha-ka-fashe da ake tallarsu da sunan bitamin. Da yawansu akwai deksametazon a ciki, wanda yake kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Kumburi ne ake saye da sunan ƙiba.

Akwai lokacin da tukunyar gida ba ta isa ba. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da wani tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya, gargaɗi. Idan aka danna bayan ƙafafunsa biyu yatsa ya bar rami, shi ma ja ne ko da yaron yana da kumari a ido. Irin wannan yaro ana ba shi tunkuzar gyaɗa ta musamman mai madara da bitamin da ma'adanai, Plumpy'Nut, kyauta a cibiyoyin kula da tamowa. A yunwar Nijar ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma galibinsu a gida uwayensu suka riƙa ba su wannan abinci. Magani ne da aka auna da nauyin yaro ɗaya. Idan aka raba wa yayyensa ko aka kai kasuwa, shi ba zai tashi ba.

Aikin aji

1. Ku rubuta duk abin da aka ci a gidanku jiya, daga safe zuwa dare. Ku ja layi ƙarƙashin abin da ke ba da bitamin A, ku zagaye abin da ke ba da ƙarfe. Wa ya ci su a gidan?

2. Maƙwabciyarku mai ciki wata 5 ta daina shan ƙwayar awo saboda bayan gidanta ya yi baƙi. Ku tattauna biyu-biyu abin da za ku ce mata, da abin da za ku ce wa mijinta.

3. Kowa ya zo da ledar gishiri da kwalbar man gidansu a zama na gaba, mu karanta rubutun da ke jiki tare. Malama za ta zo da tef ɗin awon damtse. Mai yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya zo da shi.